Ranar da Faiba Ta Tsige Ni Daga Wakilcin Ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sadik ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin har yau akwai mutane a Kano da ba su san sunana ba, iyakar abin da suka sani shi ne ni ne wakilin angon nan da ya kasa zama wuri ɗaya.

Lokacin korona ne. Ina karatun digiri na uku a fannin tafiyar da makarantu, muna zaune da matata Rahina da 'yarmu Ilham a wani gidan bene a unguwar Pantai Dalam, a ƙasar mutanen Malay, can sama, ɗaki biyu da wata 'yar baranda wadda in mutum biyu suka tsaya a ciki sai ɗaya ya riƙe numfashi. Kulle ya yi tsawo. Wasu suka koyi gashin burodi, wasu suka ƙara hadda, wasu suka yi tumbi. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da kallon bidiyon Turawa masu jan ɗan ɗaki mai taya a bayan mota, su je bakin rafi su kwana, su soya ƙwai, su dawo suna murmushi. Kamfa suke ce wa ɗakin (Rahina ta rantse kamfai ta ji, kuma har gobe haka take kiransa, ko a gaban baƙi).

Cutar son kamfa ta kama ni sosai, na kuma shafa wa maƙwabcina Malam Sabi'u, mutumin Gusau, wanda yake nasa digirin a kan nahawun Larabci. Da aka fara sassauta doka, sai muka samu wani tsohon Bamale, wato ɗan ƙasar, ɗan fansho, yana son rabuwa da wata tsohuwar kamfa. Ƙarfen ƙasa lafiya lau, tayoyi da sauran ƙwari, amma bangon ruwan sama ya gama cinye shi, in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar burodi. Muka haɗa hannu muka saya. (Motar da za ta ja ta ma ba mu da ita. Tawa in an kunna na'urar sanyi ba ta iya hawa tudu, Malam Sabi'u kuwa jirgin ƙasa yake hawa. Ba wanda ya kawo wannan maganar a cikinmu.)

Abin da ya rage shi ne a sake mata bango, a nan kuma zumunci ya fara tsami. Malam Sabi'u ya ce alminiyam. Ba nauyi, ba tsada, in wani wuri ya lotsa a kwance falle ɗaya a ɗaura sabo. Ni na ce faiba, wato faibagilas, irin abin da ake yin ƙananan jiragen ruwa da shi. Sumul take, babu layin ƙusoshi da ruwa zai bi ya shiga, ba ta lotsewa don reshe ya taɓa ta, kuma in ka gan ta ka ga kayan manya. Ya ce ranar ƙasar nan za ta ƙoɗar da ita, ta tsage, kuma in ruwa ya shiga bayanta sai ta ɓare daga jikin katako. Na ce alminiyam ɗinsa in rana ta buga sai mu gasu a ciki kamar masara. Mai nahawu da mai tafiyar da makarantu ke nan, kowa yana magana da murya irin ta wanda aka haifa a gareji.

Gardamar ta fita daga bene ta shiga zauren WhatsApp na 'yan Najeriya. Na riƙa tura saƙon murya masu tsawo, ina farawa da sallama da addu'a kamar mai huɗuba. Sai da shugaban zauren ya rubuta cewa duk wanda ya ƙara ambaton faiba ko alminiyam zai cire shi, ko da limami ne.

Rahina ta ce, "Abban Ilham, kai fa ƙusar da ka buga mana ta rataye agogo har yanzu a karkace take."

Na ce mata ai ilimi daban, bugun ƙusa daban.

Ana cikin haka maganar auren Sadik ta taso. Sadik ɗan unguwarmu ne a Kano, ya zo karatu wata kwaleji mai zaman kanta, mahaifinsa Alhaji Bala ya damƙa min amanarsa tun ranar da ya sauka. Yaron ya ga Nabila, 'yar Dakta Isa, wani malamin jami'a ɗan Najeriya da ya daɗe a ƙasar har 'ya'yansa sun fi jin Malayanci a kan Hausa. An daidaita, an sa rana, amma iyakoki a rufe suke, babu mai zuwa daga gida. Alhaji Bala ya kira ni ya ce, "Kai ne ubansa a can. Kai za ka karɓar masa auren, mu kuma za mu kalla ta waya."

Na ji kaina ya ƙara girma. Na fito da farar shaddata wadda ban taɓa sawa ba. Rahina ta je Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi, ta samo ƙyalle fari mai kama da ita, ta ɗinka min takunkumi don komai ya dace. Ana gobe ɗaurin aure ta wanke kayan gaba ɗaya, riga da wando da singileti da gajeren wando da takunkumin, ta shanya a baranda, ta ɗauki Ilham suka tafi gidan amarya wajen lalle.

Gida ya zama nawa. Shaiɗan kuma ya matso kusa.

Dama na je wani shagon masu gyaran jiragen ruwa na roƙo guntun faiba, don in yi gwajin da zai rufe wa Malam Sabi'u baki har abada. Niyyata in yanka ta da injin yanka a gaban kyamara, kowa ya ga ko tsagewa ba ta yi. Mai shagon da zai miƙo min sai ya nuna gefen, ya sosa hannunsa, ya ce, "Gatal, gatal." Na duba a waya na ga ƙaiƙayi yake nufi. Na ce masa "Boleh, boleh," wato ba matsala, na kuma ji daɗi na ƙaru da sabuwar kalma.

Kada ku ce ban yi hankali ba. Na yi. Na sa rigar ruwa, na sa safar roba ta wanke-wanke, na sa tabarau, na rufe hanci da takunkumi biyu. Na fita baranda kamar mai shiga ɗakin masu korona, na jingine waya, na kunna injin da na aro. Ƙura ta tashi fara fat, tana ƙyalli a rana kamar an watsa garin gilashi (wanda, in aka yi tunani, shi ɗin ne). Faibar ba ta tsage ba. Na ɗaga ta ga kyamara na ce, "Malam Sabi'u, ga hujja." Na share ƙasa tas don kada Rahina ta gane, na yi wanka, na tura bidiyo. Ban ɗaga kai na dubi igiyar shanya ba ko sau ɗaya. Ko da na duba ma, farar ƙura a kan farar shadda me zan gani?

Washegari na goge kayana da kaina, wato na ƙara danna ƙurar cikin zaren da dutsen guga mai zafi. Na shirya, na kafa hula, na fesa turare. A mota na ji wani ɗan tsikari a wuya, na ce sabon yadi ne.

A wani ɗan zaure da ke jikin masallaci a unguwar Kampung Baru za a ɗaura, bayan azahar. A bakin ƙofa akwai wata dattijuwa 'yar Malay mai kula da wurin, kowa yana ce mata Makcik, wato kamar a ce gwaggo. Ita take auna zafin jikin kowa da 'yar na'urar nan mai kama da bindiga. Ta auna ni ta ce in wuce. A ciki an manna alamomi a kan darduma, kowa nesa da kowa. Maza a gaba, mata a bayan wani ɗan labule. Aka zaunar da ni a tsakiya, ina fuskantar Dakta Isa, limaminmu a gefe, Sadik a bayana yana ta goge gumi. An kafa waya a kan sanda daidai saitina, a cikinta ga dangin Sadik cike da falo a Kano, inda gari bai daɗe da wayewa ba.

Na'urar sanyin zauren tana aiki ne da sunan Allah kawai. Na fara gumi. Ashe gumin abin yake jira.

Wuya ya fara, sai hammata, sai gadon baya, daidai wurin da hannu ba ya kaiwa. Wanda ya taɓa shiga masussukar gero ba riga zai gane kwatankwacin abin, sai dai wannan yana da allura a baki. Na ɗan motsa kafaɗa. Na gyara zama. Na ƙara gyara zama. Liman kuwa ranar ya ga taro bayan dogon kulle, ya ɗauko nasiha tun daga halittar Annabi Adamu, ba alamar zai iso zamaninmu da wuri.

Sai abin ya gangara ƙugu, ya bi zariya, ya shiga inda gajeren wando yake mulki. Ba zan yi bayani ba, akwai yara masu karatu. Na sa hannu a aljihu kamar mai neman makulli. Na nemi makullin nan da gaske. Na koma ɗaya aljihun na ci gaba da nema. Dakta Isa ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kwafi aiki. Na yi masa murmushi, na manta takunkumi ya rufe murmushin, idanuna kawai yake gani, su kuma sun kaɗa sun yi ja suna hawaye.

Takunkumin ma ai a igiyar ya kwana. Duk numfashin da na ja, sai in ji kamar ana yi min susa da burushi a maƙogwaro. Kun san a wancan lokacin gara mutum ya saki tusa a taro da ya yi tari. Na danne. Na haɗiye. Ƙirjina ya riƙa tsalle shi kaɗai.

Liman ya juyo ya ce, "Wakilin ango, bismilla."

Na buɗe baki na ce, "Ina nema wa ɗana Sadik auren..."

Iyakar abin da na samu faɗa ke nan. Tarin ya ɓalle, irin mai fitowa tun daga cibiya, ɗaya na bin ɗaya. Na ji ƙarar mutane suna ja da baya a kan darduma. Liman ya janye da gwiwa, ya laluba aljihu ya ƙara takunkumi a kan nasa. Ni kuma numfashi ya gagara, sai na fizge nawa takunkumin, fuskata ta bayyana duk ta yi ruɗu-ruɗu. Hannu ɗaya yana wuya, ɗayan ya koma neman makulli ba tare da izinina ba.

Daga cikin wayar aka ji muryar kakar Sadik, tsohuwa mai ƙarfin murya, tana tambaya, "Wai wane ne wannan mai rawar a zaune?"

Sai muryar Alhaji Bala, a hankali, "Malam, ko ciwon nan ne?"

Na miƙe na yi waje da gudu, ina tafe ina murɗa jiki. A bakin ƙofa Makcik ta tare ni da na'urarta, ta saita min goshi daga nesa. Na so in kwantar mata da hankali, in ce ba korona ba ce, ƙaiƙayi ne kawai. Kuma ga shi ina da kalmar, sabuwa fil. Na tsaya a gabanta, hannuna a kan zariya, ido jajir, ina haki, na ce da iyakar muryata, "Makcik, saya gatal." Da na ga ta zaro ido, sai na ɗauka ba ta ji ba ne, na matsa kusa na maimaita, har da ƙarin kalmar da ke nufin sosai.

Matar nan ta ja da baya ta yi istigfari, ta ja mayafinta ta rufe ƙirji, ta ɗaga na'urar kamar za ta kwaɗa min. Masu raba abinci da ke gefe suka ajiye faranti suka juya baya, kafaɗunsu suna rawa. Daga bayan labulen mata kuwa na ji wata dariya ta kufce wa wata, aka toshe mata baki. Ƙofar zauren a buɗe take, kowa ya ji.

Malam Sabi'u ne ya fito ya kama hannun rigata da yatsa biyu ya ja ni wajen alwala. Sai da muka shiga ya ce, "Mutumina, ka san abin da ka gaya wa baiwar Allah nan?"

Na ce, "Na ce mata ina jin ƙaiƙayi."

Ya ce, "A littafi haka ne. A bakin mutane kuwa, in namiji ya dubi mace ya ce haka, yana gaya mata ne cewa shi ɗan iska ne, kuma yau abin ya motsa."

Na zauna a kan dakalin alwala. Na ɗan lokaci har ƙaiƙayin ya ji kunya ya tsaya.

Ya sa na tuɓe rigar. Ya ɗaga ta saitin taga, sai ga ta tana walƙiya kamar kayan amarya. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Bidiyon da ka turo min jiya, a ina ka ce ka ɗauka?" Na sunkuyar da kai. Ta gefen ido na ga gemunsa yana rawa a ƙasan takunkumi.

A ciki kuwa abu ya fara lalacewa. Dakta Isa ya ce ba zai zauna da iyalinsa a wurin da aka yi wannan tarin ba sai an san ko mene ne, in ya so a ɗaga auren. Wasu har sun fara neman takalmansu. Sadik ya leƙo wajen alwala, fuskarsa kamar zai yi kuka, ya ce, "Yaya, don Allah me na yi maka?" Wannan tambayar ta fi ƙaiƙayin ciwo. Yaron ya jira ranar nan tun kafin kulle, ga shi zan rusa masa ita saboda bangon wani akwati mai taya.

Na ce a kawo abin gwaji. Aka samo a kantin magani da ke kusa. Ladanin masallacin ya ara min zani irin wanda mazan Malay suke ɗaurawa, na watsa ruwan sanyi, na fito na zauna daga ni sai zani, ana zura min tsinke a hanci, Malam Sabi'u kuma yana bayana da salatif, yana mannawa yana fizgewa don ya cire ƙurar gilashin. Tare da gashin bayana yake cirewa, kuma na lura ba ya sauri. Duk fizga ɗaya sai ya ce, "Sumul take. Kayan manya."

Gwaji ya nuna ba ni da komai. Aka kai wa Dakta Isa ya duba ta saman tabarau, aka nuna wa waya don mutanen Kano su gani. Alhaji Bala ya yi gyaran murya ya ce, tunda Malam ba ya jin daɗi, ko akwai wani dattijon a kusa? Haka aka tsige ni aka naɗa Malam Sabi'u, mutumin da bai san Sadik ba sai a zauren WhatsApp. Ya shiga ya nemi auren da Larabci mai wasali cikakke, har liman yana gyaɗa kai. Ni kuwa ta taga na shafa fatiha, ina riƙe da zani da hannu ɗaya don ban iya ɗaurin ba.

Rahina ce ta kai ni wajen Makcik neman gafara, ita ta yi bayanin da Malayancinta na kasuwa, tana nuna baranda da inji da shanya da hannu. Dattijuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta fara dariya har sai da ta zauna. Ta ƙulla min shinkafa a leda, ta ce wa Rahina wani abu a kunne. Na tambaya a mota me ta ce. Rahina ta ce, "Cewa ta yi in riƙa sa ido a kanka." Ita take tuƙi, don ni ba na iya zama daidai. Muna fita daga unguwar, sai kawai ta gangara gefen titi ta kashe mota ta kifa kai a kan sitiyari. Na ɗauka kuka take yi. Ilham ta leƙo daga baya ta ce, da Turancinta, Mama dariya take yi.

Kafin mu isa gida bidiyon rawar da na yi a zaune, wanda aka naɗa daga wayar, ya zaga dangi, wata ƙanwar Sadik har ta ɗora masa kiɗa. Hajiyarmu ta kira ni ta ce ta ji labari, in dai ƙazuwa ce kada in ɓoye mata, akwai mai magani a Kurmi.

Alminiyam aka sa wa kamfar. Ba a ma tambaye ni ba, ni ma ban nemi a tambaye ni ba. Da aka buɗe hanyoyin fita gari, muka ari motar wani muka ja ta zuwa bakin wani rafi, gida biyu, da tukwane da tabarmi. Muna sauke kaya da la'asar ruwa ya kece, irin na ƙasar nan mai zuwa kamar da gayya. Muka dunƙule a ciki. Ƙarar ruwan a kan alminiyam ɗin kamar an kifa mana kwano a ka ana duka da ludayi, ba mai jin maganar wani. Can sai ga ɗigo yana biyo wata ƙusa, yana sauka daidai kan hular Malam Sabi'u, ɗis, ɗis.

Na ji hujjoji sun taso min tun daga ciki. Na gyara zama, na buɗe baki. Malam Sabi'u ya dube ni, ya ɗaga hannu a hankali ya sosa wuyansa. Matarsa ta sunkuyar da kai. Na rufe bakina.

A nan na gane cewa mutum yana iya yin gaskiya a kan bangon kamfa, amma in an taɓa ganinsa yana neman makulli a gaban liman, to gaskiyar tasa sai dai ya riƙe abarsa. Rahina ta miƙo min roba ta ce in tare ɗigon, na karɓa na tare.